Tsohon Gidan Haya a Agege: Mu Saya Ko Mu Ci Gaba da Aikawa Gida?



Yau ina so in taɓo wata magana da na san ba za ta yi wa wasu iyayenmu daɗi ba, don haka ina neman afuwa tun kafin in fara. Maganar ita ce ta sayen tsohon gidan haya a nan inda muke zaune, a gyara shi, a ci gaba da karɓar haya. Ina nufin irin gidajen nan da suka cika Agege da Mushin da Idi-Araba da Ketu, masu dogon lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna dama da hagu, banɗaki da kicin a can baya kowa na tarayya, waɗanda mutanen nan ke kira fes-mi-a-fes-yu. Ni a nawa ganin, lokaci ya yi da Bahaushen da Allah ya hore wa zai daina kallon waɗannan gidaje a matsayin kayan wasu, wanda namu kawai mu biya mu kwana.

Mahaifina ya fi shekara 30 yana sauke wake da gero daga Dawanau zuwa Legas. A nan aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare. Ya gina gida biyu a garinmu, masu kyau kuwa, amma in ka ɗauke makon sallah, ƙadangaru ne ke kwana a cikinsu. Mu kuma a nan duk shekara sai an kawo mana takardar ƙarin haya. Ba shi kaɗai ba ne, kusan duk sa'o'insa haka suke. In ka yi magana su ce maka, "Yaro, kurmi ba gida ba ce. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Kuma gaskiya ba da ka suke faɗa ba. Sun ga abin da mu ba mu gani ba. Sun ga rikicin Shagamu na watan Yulin 1999, sun ga na Idi-Araba a Fabrairun 2002. Mu ma da muke yara mun ga na Mile 12 a Maris na 2016, mun ga abin da ya faru a Fagba, nan bayanmu, a Oktoban 2020, sannan ga na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, inda aka ƙona shaguna da gidaje, mutane suka yi ta hawa manyan motoci suna komawa Arewa. Wanda ya taɓa kwana a barikin soja da iyalinsa saboda gudun tsira, in ya ce maka ba zai binne miliyoyinsa a ƙasar da ba zai iya naɗe ta ya gudu da ita ba, ai ba ka ce masa matsoraci. Buhun wake ana loda shi a tirela cikin dare ɗaya. Gida kuwa ba ya hawa mota.

To amma ga tambayata. Bayan kowane ɗaya daga cikin rikice-rikicen nan, mun tafi ne? An tafi na wata biyu, na wata uku, aka dawo. Aka dawo kuma a matsayin me? 'Yan haya. Wato haɗarin muna ɗauke da shi ko mun saya ko ba mu saya ba, domin a nan 'ya'yanmu ke kwana, a nan jarinmu yake. Abin da kawai muka hana kanmu shi ne amfanin. Kuma wanda duk ya taɓa neman ɗaki a garin nan ya san wulaƙancin da ke ciki. Sai ejan ya gama karɓar kuɗin zagaye, ya kai ka, mai gida ya ji sunanka ko ya ga hularka, ya ce ai an riga an kama. Wani ma ba ya ɓoyewa, ƙiri-ƙiri zai ce ba ya ba "aboki" haya, wai za mu cika masa gida da mutane. In ba mu da gidajen kanmu, haka za mu ci gaba da roƙo har jikokinmu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, kakanninmu ba haka suka yi ba. Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, Hausawan da suka kafa zangon Agege da Sabon Ibadan, wanda aka keɓe a 1916, da gida suka riƙe kasuwa. Maigida shi ne mai masauki. Fatake su kawo shanu ko su zo sayen goro, shi zai sauke su, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu in an ba da bashi. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969, kuma babban abin da ya gano ke nan: ƙarfin maigida a cinikin shanu da goro yana tafiya ne da gidajen da yake riƙe da su. Wato mallakar gida a kurmi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu ne muka sake shi.

Yanzu bari mu zo kan lissafi, don ɗan kasuwa ba ya jin wa'azi sai ya ga alƙalami. Kuma a nan ba zan yaudari kowa ba: in ribar gaggawa kake nema, kada ka sayi gidan haya. Ga misali, ni na tsara lambobin don sauƙin lissafi, ba farashin wani gida ba ne. Mu ɗauka gida mai ɗaki 12, an saya naira miliyan 40, gyara da takardu sun ci miliyan 12, jimla miliyan 52. In kowane ɗaki na kawo dubu 200 a shekara, ka tashi da miliyan 2 da dubu 400. Sai ka yi shekara 21 da ɗoriya kafin kuɗinka ya dawo. In bayan gyara ka ɗaga zuwa dubu 300, ka samu miliyan 3 da dubu 600, ka cire dubu 600 na kwashe sokawe da harajin ƙasa da ɗakin da ya zauna ba kowa da wanda ya ƙi biya, saura miliyan 3. Shekara 17 ke nan da 'yan watanni. Mahaifina in ya ji haka dariya zai yi, don miliyan 52 a wake, in kasuwa ta yi kyau, ya san abin da zai juya da ita kafin wata kaka.

To me ya sa nake cewa a saya? Saboda wake yana da ranar da ƙwari ke cinye shi, tirela tana da ranar da take faɗuwa a hanyar Mokwa ko Jebba, naira kuma mun ga abin da ya same ta. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, aka kuma saki naira a watan Yuni, wanda ya ajiye kuɗi a banki ya ga yadda suka narke a hannunsa. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Ƙasa a Legas kuwa ba ta narkewa. Dubi Agege kanta: an buɗe gadar Pen Cinema a 2021, jirgin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki sosai a shekarar, yana tsayawa a tashar Agege, sannan a 2024 aka buɗe jan layin jirgin cikin gari daga Agbado zuwa Oyingbo, shi ma ta nan yake bi. Ma'aikacin da ke aiki a Ikeja ko Yaba yanzu yana iya zama a unguwarmu. In mu ba mu sayi tsofaffin gidajen nan ba, masu gina gidajen sayarwa za su saye, su rushe, su kafa benaye, kuma ba mai shayi ko ɗan dako za su sa a ciki ba. Don haka shawarata ba a kwashe jari a zuba a gida ba ce. A ware abin da in an rasa shi shekara biyar kasuwa ba za ta tsaya ba. In mutum ɗaya ba zai iya ba, uku ko huɗu su haɗa, amma a rubuta kason kowa a gaban lauya da shaidu, a kuma rubuta yadda za a yi in ɗaya ya rasu ko yana son fita. Amana ba ta hana rubutu, ai addini ma ya ce a rubuta bashi. Bashin banki mai ruwa kuwa, ko ba don haramcinsa ba, lissafin da na yi a sama ya isa ya nuna cewa hayar ba za ta iya biyan ruwan ba.

Inda mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne takardu, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mu mun saba da ciniki na baki: an yi musabaha, an ce Allah ya sa albarka, shi ke nan. Gida a ƙasar Yarabawa ba a sayensa haka. Yawancin tsofaffin gidajen nan wanda ya gina ya rasu tuntuni, ya bar mata biyu ko uku, da 'ya'ya, da jikoki, wasu na Ingila, wasu na Amurka. Ya zama gidan dangi. A al'adarsu, wadda kotuna suka amince da ita, ba a sayar da gidan dangi sai da hannun shugaban dangin, wanda suke kira olori ebi, tare da manyan wakilan kowane ɗaki. In wasu 'ya'ya suka sayar maka ba da shugaban ba, cinikin bai ƙullu ba sam. In shugaban ne ya sayar shi kaɗai da sunan dangi ba tare da sauran ba, suna iya zuwa kotu su warware. Sai ka gama fenti, ka sa tayil, wani ya sauko daga jirgi ya ce bai san zancen ba. Don haka ka nemi a tara maka su, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoto, kuma kuɗi ya bi ta banki, kada ka kai a jaka.

Kafin nan ma, ka ɗauki lauyanka. Na ce naka, ba wanda ejan ya kawo ba, don ejan kwamishansa yake nema, ko gidan na cikin kogi zai ce maka tudu ne. Lauya ya je ofishin rajistar filaye a Alausa ya bincika ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa. Safiyo ya ɗauki awon filin ya kai ofishin babban safiyo na jiha a duba ko yana cikin filin da gwamnati ta karɓe, ko kan hanyar da za a faɗaɗa, ko ya shiga hurumin layin dogo ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Mun ga yadda aka rushe gine-gine a gefen dogo lokacin aikin jirgi. Sannan ka tuna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978: ƙasar jiha tana hannun gwamna ne, takardar C of O ma izinin zama ce, galibi na shekara 99, kuma in an sayar maka sai ka nemi amincewar gwamna kafin cinikin ya cika a idon doka. Yana cin kuɗi, yana cin lokaci, shi ya sa mutane ke tsallakewa. Kada ka tsallake. Ranar da rikici ya tashi, ko ranar da ka rasu 'ya'yanka suka zo gado, wannan takardar ce za ta yi magana. Su kuma 'yan omo onile da ke zuwa neman kuɗi da zarar sun ga an sauke yashi, akwai dokar jihar Legas ta 2016 da ta haramta abin da suke yi, sai dai kowa ya san doka daban, bakin titi daban. Gara ka gaida baale da shugabannin unguwa tun kafin ka fara, ka tafi tare da wakilin Sarkin Hausawa, a san fuskarka.

Sai gyaran kansa. Abin da ke ba ni haushi da mu shi ne son fenti. Mutum ya sayi gida, abin da zai fara shi ne ya shafa masa kore da fari, ya sa ƙofar ƙarfe mai ado, alhali sokawe ya cika yana tsiyaya cikin rijiyar da ake sha. Fenti shi ne na ƙarshe. Na farko, kafin ma ka biya, ka kawo injiniyan gini ya duba, ba birkila ba, don birkila aiki yake nema, ba zai ce maka kada ka saya ba. A duba tushe, a duba tsagar bango, musamman wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, a duba ko ƙasan bango na jiƙe ko da rani, in bene ne a duba ko rodin dekin ya yi tsatsa ya fara tura siminti. Kuma ka je ganin gidan da damina, a watan Yuni ko Yuli, ranar da aka kwana ana ruwa. Gidan da ka gani da rani ba ka gan shi ba.

Wallahi ina roƙon duk wanda zai sayi irin gidan nan, kada ya ɗora bene a kan tushen da aka yi don ƙasa kawai. Kwaɗayin ƙarin ɗaki shida ba zai biya ran mutum ɗaya ba. Ba mu manta da Ita Faji ba, a tsibirin Legas, ranar 13 ga Maris 2019, inda bene ya rufta da makaranta a samansa, yara suka mutu. Ban da alhaki, dokar tsara birane ta jihar ta ba gwamnati damar ƙwace filin da gini ya rushe a kansa saboda sakaci. Ka rasa gida, ka rasa fili, ka kwana a hannun hukuma. Babban gyara ma yana buƙatar izini daga hukumar ba da izinin gini, kuma jami'an LASBCA suna zagayawa.

Bayan tushe sai rufi, sai sokawe da banɗaki, sai wayar wuta, sai ruwa. Tsofaffin gidaje da yawa silin ɗinsu na asbesto ne, ƙurarsa na lalata huhu, don haka kada a bar yara su farfasa shi da guduma, a jiƙa shi a cire a hankali, ma'aikata su rufe hanci. Wayarin da aka yi tun zamanin da ɗaki ke da ƙwai ɗaya da rediyo ba zai ɗauki firji da hita da dutsen guga ba, daga nan gobara ke tashi. Kafin ka biya kuɗin gidan ka nemi takardar wuta ta ƙarshe ka ga bashin da ke kai, a cire shi daga farashi. In da hali a raba mita mai kati, ko da ɗaki biyu-biyu ne, don rabin faɗan gidan haya a kan kuɗin wuta ne, sauran rabin kuma layin banɗaki da asuba. Gida mai ɗaki 12 da banɗaki ɗaya zalunci ne. Ƙara uku ko huɗu, a ware na mata, ya fi tayil amfani nesa ba kusa ba. Kuma duk abin da birkila ya ƙiyasta maka, ka ajiye ƙari a gefe, don a farkon 2024 mun ga buhun siminti ya haura naira dubu 10 cikin 'yan makonni, mutane da yawa aikinsu ya tsaya a linta.

Na bar maganar da ta fi damuna zuwa nan. In ka sayi tsohon gida, ba bulo kaɗai ka saya ba, akwai mutane a ciki. Akwai tsohuwar da ta shekara 20 a ɗaki ɗaya, akwai mai gadi, akwai yaran da ke tura ruwa a kura su biyar a ɗaki, akwai wanda tun da aka hana acaba a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022 bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Abin da ake yayi yanzu shi ne a kori kowa, a haɗe ɗaki biyu a mayar sel-kwanten, a ninka haya sau uku. Na ji wasu samarinmu na yaba wannan dabara. Ni ban yarda da ita ba. In Bahaushe zai sayi gida don ya yi wa talaka abin da muke kukan ana yi mana, tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Kuma ban ce a tausaya wa Bahaushe kaɗai ba. In ka tarar da Bayarabe ko Ibo a ciki yana biya lafiya, ka bar shi. Gidan da ke da ƙabilu a haɗe, ranar tashin hankali maƙwabta ne ke tsayawa a ƙofarsa su ce akwai namu a ciki. Wanda ka kori 'yan gari daga cikinsa ka cika da namu zalla, ka sa masa alama da hannunka.

Ana iya gyara ɓangare ɗaya a bar mutane a ɗayan, in an gama su koma, a kama na biyun. Ya fi jinkiri, amma haya ba ta yanke gaba ɗaya ba. Ana iya mayar da ɗakunan gaba shaguna ko sel-kwanten su ɗauki nauyin ribar, na baya a bar su a farashin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya. Ƙarin haya kuma dole ne, ba wanda zai kashe miliyoyi ya bar tsohon farashi, amma a sanar da wuri, a yi shi mataki-mataki.

Wanda kuma ya zama dole ya tashi, a bi doka. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta ce, in babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biyan wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan shekara kuma wata shida, bayan ya ƙare a ba da na kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Cire kwano ko ƙofa don a tilasta wa mutum fita laifi ne da ke iya kai mai gida ga tara ko ɗaurin wata shida. A 2025 majalisar jiha ta fara duba ƙudirin sabunta dokar, don haka ka tambayi lauyanka abin da ke aiki a ranar da za ka ba da notis. Akwai kuma cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha da ke sauraron rigimar mai gida da ɗan haya kyauta, sau da yawa ta fi kotu sauri.

Game da tsoron iyayenmu na ƙone-ƙone, akwai abu ɗaya da ba mu cika yi ba, wato inshora. Yanzu akwai kamfanonin takaful da ke aiki bisa tsarin Musulunci, ba sai an shiga shubuha ba. Sai dai a kula, inshorar gobara ta yau da kullum ba lallai ta haɗa da ɓarnar tarzoma ba, sai ka nema an rubuta maka a ciki, ka kuma sa lauya ya karanta kafin ka sa hannu. Asalin takardun gidan kuma kada su kwana a cikin gidan. A kai banki, ko a kai Arewa wurin wanda aka yarda da shi, a bar kwafi a nan, a ɗauki hotonsu a waya.

Ni dai na sa wa Baba ido a kan wani gida mai ɗaki goma da ke bayan layinmu, wanda magada ke ta jayayya a kansa tun bara. Na gaya masa in sun daidaita a tsakaninsu, mu fara tura safiyo kafin mu yi maganar farashi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai tambaye ni nawa safiyon ke karɓa.